Jiƙon geron tsuntsaye da ciwon kwiɓi: amsa ga wata ƙanwata ta unguwar Zariya a Maraɗi

Wannan wasiƙa ta iso mini daga wata baiwar Allah a nan Maraɗi. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce, shekaruna 31, ƴaƴana huɗu. Yau sati uku ke nan ina fama da zafin fitsari, in na tsuguna kamar an zuba mini barkono, kuma kullum ina jin fitsari amma ɗan kaɗan ke fita. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce sanyi ne. Ta sa an tsinko mini geron tsuntsaye ta dafa da jar kanwa, ina shan kofi ɗaya safe da yamma. Na ji sauƙi kwana biyar, sai abin ya dawo. Shekaranjiya kwiɓina na dama ya kama ciwo har gadon baya, da dare ga masassara da rawar ɗari, jiya har na yi amai. Na sayi diklofenak wurin mai tallan magani, in na sha yana lafawa. Inna ta ce ƙoda ce, za ta sa a haɗo mini wani sassaƙe mai ƙarfi daga kasuwa. Maigidana yana Dakoro wajen fatauci, sai ƙarshen sati zai dawo. Kunya nake ji in tafi likita a ce ina da sanyi, abokiyar zamana ta ji. Kuma wannan watan ban ga al'adata ba. In ci gaba da jiƙon, ko in ƙara yawansa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Zan fara da abin da ba zai jira gobe ba. Yau ɗin nan, kafin la'asar in da hali, ki kira maigidanki a waya ki gaya masa jikin ya yi tsanani, ki nemi izninsa, ki sa hijabinki ki tafi asibiti. Ƙaramin asibitin unguwarku, wato CSI, ya isa a fara da shi, in sun ga abin ya fi ƙarfinsu su da kansu za su tura ki CHR, wato babban asibitin jiha, ko asibitin mata da yara. Kofin jiƙo na yamma kada ki sha shi. Diklofenak ɗin da ya rage ki ƙulle shi a leda ki tafi da shi ki nuna wa likita. Sassaƙen da Inna za ta sa a haɗo kuwa, a dakata da shi. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin mata kafin in ajiye aiki, kuma abubuwan nan da kika lissafa, ciwon kwiɓi ɓangare guda, masassara mai rawar ɗari da amai, bayan sati uku na zafin fitsari, na san su kamar yunwar cikina. Alama ce ta ciwon ya bar mara ya hau ƙoda.

Ga yadda abin yake tafiya. Ƙoda biyu Allah ya ba mu, suna ta baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ke tace jini dare da rana. Ruwan da suke tacewa a kwana ɗaya ya kai lita 180, su mayar da kusan dukansa cikin jini, ɗan abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu da ke gangarowa mafitsara, daga mafitsara kuma hanya ɗaya ce zuwa waje. Hanyar nan a jikin mace ba ta wuce santimita 4 ba, kamar gaɓa biyu na yatsanki, ta namiji kuwa ta kai wajen 20. Shi ya sa ciwon ya fi bin mu. Ƙwayar cutar da ta fi kawo shi, wadda ake kira E. coli, a hanjin kowane ɗan Adam take zaune, kuma a can ba ta da laifi. In ta samu hanya daga baya ta zo gaba har ta shiga mafitsara, sai ta yi ta hayayyafa. Nan ne ake jin zafi, yawan matsuwa da nauyin mara, wani lokaci fitsarin ya yi kauri da wari, amma galibi babu masassara. In aka bar ta ta daɗe sai ta bi bututun nan ta haura. Ranar da ta isa ƙoda ita ce ranar da kwiɓinki ya kama, jikinki ya ɗau rawa. Daga ƙoda kuma ba ta da wani zango sai cikin jini, kuma can ne ake rasa rai.

Geron tsuntsaye na san shi tun ina yarinya, don goggona ta Tibiri ba ta rabuwa da shi. Da damina ta zauna sai ya fito a gindin katanga da inda ruwan wanke-wanke ke bi, ɗan tsiro da bai cika wuce kamu ɗaya ba, ganyensa ƙanana jeri biyu a kan siririn reshe kamar na tsamiya. In kika juya reshen za ki ga ƴan ƙwayoyi kore sun yi layi a ƙarƙashinsa kamar tsabar gero, daga nan ya samo sunansa. Goggo takan tuge shi da saiwarsa, ta wanke ƙasar, ta shanya a faifai cikin inuwa, in wani ya yi kukan mara ta jefa ɗan kaɗan a tukunya. Ɗacinsa har yau yana bakina. Kuma ba mu kaɗai muka san shi ba. A Indiya tsohon magani ne, a Barazil kuma sunan da suka ba shi ma'anarsa mai fasa dutse, saboda suna shan sa don tsakuwar ƙoda. Masana can sun gwada shi a kan mutane ƴan kaɗan, kuma abin da aka gani bai kai ga a ajiye maganin asibiti dominsa ba.

Saboda haka ba zan ce miki Inna ta ba ki shirme ba. Abin da iyayenmu suka shaida a kan tsiron nan shi ne yana sa fitsari ya yawaita, ga kuma ruwan da ake sha tare da shi. In ciwon yana farkonsa, yana mafitsara kawai, wannan wankewar takan taimaka, wasu matan ma su warke da ruwa kaɗai. Inna ta ga haka sau da yawa, shi ya sa ta yarda da shi. Amma naki ya wuce nan. Ruwan sama yana wanke tsakar gida tas, sai dai ba ya kashe garar da ta riga ta shige cikin azara. Ƙwayar cutar yanzu tana cikin naman ƙoda, kuma abin da ke cim mata a can shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya zaɓa, wanda ke bin jini ya isa wurin. Ko tulu guda na jiƙo kika sha ba zai yi wannan aikin ba.

Kwana biyar ɗin nan da kika ji sauƙi, ina ganin hannun kanwa a ciki. Kin san yadda take kashe tsamin yakuwa a miya. Haka take rage kaifin fitsari, sai zafin ya lafa, mace ta ɗauka ta warke, alhali cutar na nan tana aikinta. Wannan sauƙin shi ya cinye miki kwanakin da ya kamata a ce kin je an duba ki. Kanwa kuma ƴar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, tana tayar da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ɗan abin da ake sa wa miya daban, kofi biyu kullum har sati uku daban.

Diklofenak ya fi kanwar tayar mini da hankali. Maganin ciwo ne mai kyau a inda ya dace, amma yana rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ki duba halin da taki take ciki: ga ƙwayar cuta, ga masassara da amai sun ƙarar da ruwan jikinki, sannan ga ƙwayar da ke tauye mata jini. Yana kuma danne zazzaɓin, ki ga kamar abin ya wuce. In ciwon ya matsa miki kafin ki isa asibiti, farasitamol ya fi aminci. Kada kuma ki bari mai talla ya ba ki kafso ko wata ƙwaya da sunan maganin sanyi. Biyu ko huɗun da za ki saya ba za su kashe cutar ba, sai dai su ɓata gwajin fitsarin da za a yi miki, su kuma koya wa ƙwayar cutar taurin kai.

Sai maganar watan da ba ki gani ba, wadda kika ajiye a ƙarshen wasiƙa kamar ƙaramar magana. Ita za ki fara faɗa da kin zauna gaban likita, a gwada a gani. Ciwon ƙoda irin wannan a jikin mai juna biyu yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma zaɓin magani yana canzawa: akwai wanda ake ba kowa amma ba a ba mai ciki, irin su sifrofloksasin. Diklofenak ma ba na mai ciki ba ne in ba likita ya rubuta ba, geron tsuntsayen kansa kuma ana hana masu ciki shan sa.

Kalmar "mai ƙarfi" da Inna ta yi amfani da ita a kan sassaƙen nan, ina so in daɗe a kanta. Geron tsuntsaye kin ga ganyensa da idonki, kin san abin da ke cikin tukunya. Ƙullin kasuwa kuwa ɓawo ne da saiwa an daddatsa an busar an gauraya, wani har an daka. Ba ki san iri nawa ne a ciki ba, ba ki san ma'auninsa ba, kuma duk abin da kika haɗiya sai ya bi ta ƙoda kafin ya fita. A farkon shekarun 1990, a babban birnin Beljiyam, wani wurin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin tsirrai da aka kawo daga ƙasar Sin. An yi kuskure an sa saiwar wani tsiro na dangin Aristolochia a madadin wanda ake nufi. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari. Wannan a ƙasar da ke da dakunan gwaji da hukumomin sa ido ke nan. Dangin tsiron nan muna da su a ƙasar Hausa, shi ne dumar dutse, wasu su ce maɗacin ƙasa, kuma ana sa shi a magungunan ciwon ciki. Ban ce shi za a haɗo miki ba. Amma saiwa in ta bushe an sare ta gutsu-gutsu, ko mai sayarwar ba kullum zai iya rantsuwa a kanta ba.

Ina da maƙwabci ɗan kabu-kabu, magidanci mai ƴaƴa biyar, mutumin kirki. Ciwon baya ya dame shi, aka ce masa ƙoda ce. Kullum da robar jiƙo ta lita ɗaya da rabi ɗaure a bayan baburinsa, baƙi ƙirin, ga diklofenak yana haɗiya bibbiyu don ya iya yinin aiki. Ashe hawan jini gare shi bai sani ba. Wata safiya matarsa ta shigo ta ce in zo in ga ƙafarsa. Na danna babban yatsana a ƙwaurinsa, na ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba. Fuskarsa ta kumbura, ta ce fitsarinsa kumfa yake yi kamar ruwan wanki, kuma ya ragu. Gwajin jini ya nuna ƙodojin sun kusa tsayawa. Aka tura shi Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, inda ake ɗora mutum a kan na'urar wankin ƙoda wajen awa huɗu, sau biyu ko uku a sati. Baburin aka fara sayarwa. Bai shekara ba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wata da watanni ina ganin robar nan muna gaisawa, ban taɓa tsayar da shi na ce ya zo in auna masa jini ba, kuma abin yana cina har yanzu. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum kan rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai ba, kuma manyan masu cin ta a ɓoye su ne ciwon sukari da hawan jini. Taki ta yi kuka da wuri, kuma irin ciwon da ake warkewa sarai ne in an kama shi yanzu.

Kunyar da kike ji na fahimce ta. Matsalar ita ce kalmar sanyi buhu ce da muke zuba cututtuka daban-daban a ciki: akwai ƙaiƙayi da farin ruwa, akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, akwai kuma ciwon mafitsara. Abin da kika kwatanta na ukun ne, wanda ke kama budurwa da tsohuwa da jaririyar goye. Kusan rabin matan duniya sai sun yi shi ko sau ɗaya a rayuwarsu. Ba shaida ba ce a kan maigidanki, ba shaida ba ce a kan abokiyar zamanki, ba kuma a kanki ba. In abokiyar zaman ta tambaya ki ce masassara ce da ciwon kwiɓi suka kai ki asibiti, ba ki yi ƙarya ba. A gaban likita kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in akwai wani ruwa da ke fita ko ƙaiƙayi, ko kina amfani da matsi da sauran kayan mata, ki faɗa. In ya ga alamar cutar da ake ɗauka ta saduwa, shi zai ce a yi wa gidan duka magani, kuma daga bakinsa maganar ta fi sauƙin karɓuwa.

Za su ba ki ƴar roba mai murfi ta fitsari. Ki yi tsarki da ruwa zalla, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, ki rufe ki miƙa nan take. Akwai gwajin da ake tsoma ɗan tsinken takarda a ga sakamako cikin mintoci, akwai kuma wanda ake renon ƙwayar cutar kwana biyu zuwa uku don a san maganin da ke kashe ta. Ba za a jira na biyun ba kafin a fara miki magani. Ki roƙa a auna hawan jini da sukari, a kuma duba aikin ƙoda a jini, gwajin da ake kira kireyatinin. Da yake ƙarshen damina ne za a gwada zazzaɓin cizon sauro, kuma daidai ne. Amma ko an same shi kada ki tashi sai kin ce a duba fitsarin, don mata da yawa na gani an yi musu maganin sauro sun koma gida da ciwon ƙodarsu. Tunda kina amai, mai yiwuwa a kwantar da ke a sa miki ruwa da allura kwana ɗaya ko biyu. Kada ki ƙi. Maganin kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, za ki ji garau tun a kwana na uku, amma ki shanye shi har ƙwayar ƙarshe. Ta wajen kuɗi, tun watan Satumba na 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocinta, kuma duk abin da za ki kashe yau bai kama ƙafar abin da wankin ƙoda ke ci ba.

Inna kuma kada ki mai da ita abokiyar gaba. Tsohuwar da ta tashi ta sa aka tsinko ganye ta hura wuta ta dafa miki, ƙauna ce ta sa ta. Ki durƙusa ki ce mata, "Inna, jiƙon nan ya taimake ni da farko, amma yanzu masassara ta shigo da amai, ina so a duba ni, ki raka ni." Na san nauyin baki ba zai bar ki ki yi mata zancen watan ba. Ki gaya wa yayar maigidanki, ko ki bar shi ya faɗa mata ta waya. Tsofaffinmu ba sa wasa da jika, da ta ji haka ita za ta riga ki ɗaukar mayafi. Ki ɗebi ɗan jiƙon a kwalba, da reshe ɗaya na ganyen, ku tafi da su, don likita ya san abin da jikinki ya sha a sati ukun nan.

Bayan kin warke, ruwa shi ne babban abokinki. Ki sha har fitsarinki ya yi haske, wajen ledar ruwa huɗu zuwa shida a yini, fiye da haka in bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40, don lokacin ne tsakuwar ƙoda ke samun mutane. Kada ki riƙe fitsari saboda aiki ko don kina gidan biki. Wajen tsarki ki fara da gaba ki gama, sannan baya, kada hannun da ya taɓa baya ya dawo. Bayan kwanciyar aure ki tashi ki yi fitsari. Matsi da wanke ciki da sabulu ki bar su. In gwaji ya nuna ba ciki, ƙodarki kuma lafiya lau, ɗan shayin geron tsuntsaye ko na geza marar kauri, ba kanwa, na kwana ɗaya ko biyu, ba zan yi faɗa da shi ba. Sharaɗina shi ne in zafin fitsari ya kwana biyu bai tafi ba, ko masassara ta leƙo, ko aka ga jini, an gama da tukunya sai asibiti.

Tunda na ambaci jini, ki sa ido a kan yaranki maza masu zuwa wanka gulbi ko tabki da damina. Ɗigon jini a ƙarshen fitsarin yaro tsargiya ce, tsutsa ce da ake ɗauka a ruwan da ke da katantanwa, kuma in ta daɗe tana ɓata mafitsara da ƙoda. Ba alamar girma ba ce, kuma jiƙo ba ya kashe ta. Maganinta farazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu, ana sha gwargwadon nauyi ko tsayin yaro.

In wani abu ya hana ki fita da rana, sannan da dare kika ga amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri na ɗibar ki in kin miƙe, ko kika ga jini ta gaba, kada ki jira asuba. Ki tashi Inna, a buga wa maƙwabci ƙofa ya kai ku CHR, ɗakin gaggawa ba ya rufewa. In kin samu kanki ki rubuto mini abin da gwajin fitsarin da na cikin suka nuna, da sunan maganin da aka ba ki. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata.